Kulle saƙo da faswod a burauza, ko WhatsApp kawai ya isa?

Ɗaliban Samaru da na Kongo da ma 'yan kasuwarmu na Sabon Gari a nan Zariya suna yawan tambayar abu ɗaya, wai idan mutum zai tura wa wani ɗan gajeren abu mai muhimmanci, kamar faswod ɗin fotal na makaranta ko lambar BVN ko faswod ɗin imel ɗin shago, wace hanya ce ta fi tsaro? Don yanzu akwai shafukan nan da za ka buɗe a burauza, ka rubuta saƙonka a akwati ɗaya, ka sa kalmar sirri a ɗaya akwatin, kana dannawa sai ya fito maka da wasu haruffa a cakuɗe waɗanda ba mai iya karantawa sai wanda ya san kalmar. Wasu na ganin wannan ya fi WhatsApp nesa ba kusa ba, wasu kuma na cewa wahalar da kai ce kawai tunda WhatsApp ɗin ma a kulle yake. Ni dai a nawa ganin kafin ka zaɓa sai ka fara tambayar kanka wa kake tsoron ya ga saƙon, saboda kowace hanya akwai wanda take tarewa akwai kuma wanda ba ruwanta da shi.

Mu fara da WhatsApp tunda shi ne a hannun kowa. Tun Afrilun 2016 duk saƙon da ka tura a cikinsa a kulle yake fita daga wayarka, kuma ba ya buɗewa sai a wayar wanda ka tura wa, fasahar Signal, wata manhajar hira mai tsaro, suka ɗauko suka sa. Kamfanin layi ba ya iya karantawa, mai wayfay ɗin da ka hau ba ya iya karantawa, su kansu masu WhatsApp ɗin ba sa ganin abin da ke ciki. Kuma akwai wani abu da yake yi wanda shafin faswod ba zai taɓa iyawa ba: makullin yana canzawa da kowane saƙo, ko da wani ya samu makullin saƙon yau ba zai buɗe na jiya da shi ba. Ta wannan fannin wallahi ba a haɗa su. Telegram kuma a kula, hirarsa ta yau da kullum ba irin wannan kullen ba ce, sai ka buɗe hirar sirri da kanka, amma mutane da yawa sun ɗauka duk ɗaya ne.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce kullen WhatsApp a kan hanya yake aiki, da zarar saƙo ya sauka a waya to a buɗe yake zaune. Mu kuwa a nan garin ba a kan hanya ake karanta mana saƙo ba. Wayar da ka miƙa wa mai caji saboda an kwana biyu ba wuta, wayar da ka bari wajen mai gyara a PZ har ka faɗa masa fatan ɗin buɗewa don ya gwada sikirin, wayar gida da uwa da 'ya'ya da ƙanne duk ita suke latsawa, wayar da aka fizge a cikin cunkoson Kwangila, sai kuma WhatsApp ɗin kwamfuta da ɗalibi ya haɗa a kafe don ya tura furojet ɗinsa a buga masa ya tashi ya manta bai cire ba. A duk waɗannan wuraren wanda ya riƙe wayar zai karanta BVN ɗinka kamar yadda kai za ka karanta. Ga kuma masu kiran mutane su ce an sa ka a guruf ɗin wani taro, karanto mana lamba 6 da aka turo maka, kana karantowa sun ƙwace akawun ɗin. Tsofaffin hirarka ba sa bin su zuwa sabuwar waya, amma duk wanda ya turo maka sabon saƙo su zai samu, kuma da sunanka za su riƙa tambayar mutanenka.

A nan ne kulle da faswod yake da amfaninsa. Saƙon a cakuɗe yake tun kafin ya bar hannunka, a cakuɗe yake tafiya, a cakuɗe kuma yake kwana a wayar wanda ka tura wa, ko shekara zai yi. Mai gyara zai gani amma ba abin da zai fahimta. Wanda ya ƙwace akawun ɗin ƙaninka ya karɓi saƙon, shara ya karɓa tunda bai san kalmar da kuka yi da baki ba.

Yadda shafi mai kyau yake aikin ba wani tsafi ba ne, kuma yana da kyau ka sani don da shi za ka bambance nagari da na banza. Chrome da Firefox da Safari duk suna da injin kulle a cikinsu, Web Crypto, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2017, kuma a intanet ba ya aiki sai a shafin da adireshinsa ya fara da https. Kullen kansa AES ne, wanda wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, Amurka ta mai da shi ma'auni a 2001, shi bankuna suke amfani da shi kuma har yau ba wanda ya nuna ya fasa shi gaba da gaba. Amma AES ba ya karɓar kalma irin wadda mutum ke riƙewa a ka, makulli yake so na lambobi masu tsawo, shi ya sa sai an fara niƙa faswod ɗinka ta wata hanya da ake kira PBKDF2, a haɗa shi da wasu lambobi na bazata da ake kira gishiri, a yi ta maimaita lissafin sau dubbai kafin makulli ya fito. Ƙungiyar OWASP ta masana tsaron intanet ta ba da shawarar maimaici 600,000 idan da lissafin da ake kira SHA-256 ake yi. Wannan ɗan jinkirin da kake gani bayan ka danna, musamman a ƙaramar waya, ba lalacewa ba ce, da gangan ne, don duk mai son gwada kalmomi sai ya biya wannan jinkirin a kowane gwaji. Akwai wata hanyar niƙan, Argon2, wanda ya ci gasar masana a 2015 kuma ya fi wahalar da mai gwaji saboda yana cin ma'adanar kwamfuta, idan ka ga shafi na amfani da shi alama ce mai kyau.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a saurara sosai, don a nan ne mafi yawan mutane suke cutar kansu. A ATM idan ka sa fin ba daidai ba sau uku an riƙe ka, akwai mai tsaro a tsakani. Saƙon da aka kulle da faswod ba shi da mai tsaro. Kamar akwatin ƙarfe ne da ɓarawo ya ɗauke ya tafi da shi ɗakinsa, ba mai ganinsa ba mai hana shi, yana da dare yana da rana yana gwada makullai ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kwafi cakuɗaɗɗen rubutun nan zai sa kwamfuta ta yi ta gwaji ne kawai. Yi lissafi da kanka: lamba 4 yiwuwarta 10,000 ce kacal, ko da gwaji ɗaya ake yi a kowace daƙiƙa ba za a kai awa 3 ba an gama da su duka. Ranar haihuwa, ko shekara 100 ka ɗauka, kwanakin ba su wuce 36,500 da 'yan kai ba, kusan awa 10 ke nan a wannan tafiyar hawainiyar, alhali kwamfutar gaske ta fi haka sauri ninkin ba ninkin. Lambar waya kuwa ba sai an yi lissafi ba, wanda ya riƙe wayarka ai ya san lambarka da ta matarka da ta mahaifiyarka. Sunan ɗanka da shekarar da aka haife shi, sunan unguwarku, Zazzau da 123 a bayansa, duk waɗannan su ake fara gwadawa. Ko aya ko karin magana ko baitin waƙa ban ba da shawara ba, tunda abu ne da yake rubuce a wani wuri kuma dubban mutane sun haddace shi.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne wannan. A 2022 an sace kwafin rumbunan masu amfani da LastPass, wata manhajar adana faswod, a kulle suke da AES mai ƙarfi, amma waɗanda babban faswod ɗinsu gajere ne, ko tsofaffin akawun da aka bar su da ƙaramin adadin maimaici, su ne suka shiga haɗari don ɓarayin suna da duk lokacin duniya.

Abin da ke aiki shi ne kalmomi da yawa waɗanda ba su da alaƙa da juna kuma ba kai ka zaɓe su da son ranka ba. Akwai tsohuwar dabara ta Arnold Reinhold tun 1995, jerin kalmomi 7,776 ana jefa ɗan lido a zaɓo, kalma 6 daga ciki yiwuwarsu ta haura 2 da sifili 23 a gabanta, ba kwamfutar da za ta ƙure wannan a rayuwarmu. Da Hausa ma za ka iya, ka ɗauki ƙamus ka riƙa buɗe shafi ido rufe kana ɗora yatsa, sai ka samu abu kamar sirdi barkono malafa toka jirgi kwalba, amma kar ka ɗauki wannan ɗin dai tunda kowa ya gani. Ka guji haruffa masu lanƙwasa a cikin faswod ɗin, don kibod ɗin wancan zai iya zama ba shi da ƙ ko ɗ, ya rubuta k, ya ƙi buɗewa, ku yi ta zargin juna.

Rauni na biyu, wanda ya fi damuna ma, shi ne shafin kansa. WhatsApp da Signal manhajoji ne da ka sauke sau ɗaya kuma idon masana na kansu kullum. Shafin burauza kuwa duk lokacin da ka buɗe shi sabon kwafin umarninsa yake aiko maka, mai shafin zai iya canza shi yau da dare ya sa ya riƙa tura masa abin da ka rubuta kafin a kulle, kai ba za ka ga bambanci ba. Ko shi mai gaskiya ne za a iya shigowa ta bayansa, a Yunin 2024 an yi haka da polyfill.io, wani adireshi da shafuka sama da 100,000 suke jawo umarni daga gare shi, aka sayar da shi sabbin masu shi suka fara cusa mugun abu. Wasu shafukan ma ba sa ɓoyewa, saƙonka da faswod ɗinka suke ɗauka su kai sabarsu, wato kwamfutarsu da ke riƙe da shafin, su kulle a can su dawo maka da shi, wato ka miƙa sirrinka ga wanda ba ka taɓa gani ba.

Akwai gwaji guda uku da kowa zai iya ba sai ya karanci kwamfuta a ABU ba. Ka buɗe shafin ya gama lodi, ka kashe data da wayfay gaba ɗaya, sannan ka gwada kulle wani saƙon wasa, idan ya ƙi aiki to a sabarsu suke yi, ka rufe ka tafi. Idan ya yi aiki, sake kulle wannan saƙon da wannan faswod ɗin karo na biyu, dole sakamakon ya bambanta da na farko, idan iri ɗaya ya fito babu gishiri a ciki. Na uku ka canza harafi ɗaya a tsakiyar cakuɗaɗɗen rubutun ka ce ya buɗe, shafin da ke amfani da AES-GCM, wato AES mai hatimin tabbatarwa, zai ƙi fur ya ce an taɓa saƙon, wanda kuwa ya fito maka da rabin saƙo da rabin shirme ba ya gane an yi masa kutse, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan lambar akawun mai lamba 10 kake turawa. Sannan ka dubi farkon sakamakon, idan kullum da U2FsdGVkX1 yake farawa to galibi tsohon tsarin wani injin kulle mai suna CryptoJS ne, wanda idan ba a gyara shi ba sau ɗaya tak yake niƙa faswod da tsohon lissafin MD5, ka kwatanta 1 da 600,000. Masu CryptoJS ɗin da kansu sun sanar sun daina kula da shi. Gwajin kashe data fa ba ya wanke shafi ɗari bisa ɗari, mai wayo zai iya ajiye abin ya tura idan data ta dawo, shi ya sa na fi son mutum ya yi a shafin ɓoye na burauza, wato Incognito, ya rufe shi kafin ya kunna data, ko ma ya sauke shafin a matsayin fayil ɗaya ya ajiye a wayarsa ya riƙa buɗe wannan kwafin kullum.

Masu Opera Mini don tattalin data, ku yi haƙuri wannan aikin ba nasa ba ne. A yanayin matse data sosai shafin ba a wayarka yake gudana ba, a sabar kamfanin ake sarrafa shi a aiko maka da sakamako, abin da ka rubuta kuwa ta can zai bi. Ka yi da Chrome ko Firefox. Kuma kar ka yi a kwamfutar kafe ko wayar aro, kullen ba ya hana na'urar da kake rubutu a kanta ganin abin da kake rubutawa, hatta kibod ɗin wayarka yana riƙe abin da ka kwafa na ɗan lokaci, ka share bayan ka gama.

Wani wurin da faswod ya yi wa WhatsApp fintinkau shi ne tes na layi. Har yanzu akwai lokacin da data ba ta tafiya, ko wanda za ka tura wa yana ƙauye wajen Giwa ko Soba inda sai tes ke shiga da kyau. Tes ba shi da kullen da ya hana kamfanin layi gani, kuma wanda ya yi welkom bak na layinka da ƙarya shi zai riƙa karɓar saƙonninka. Cakuɗaɗɗen rubutu yana bin tes lafiya lau, sai dai yana kumbura. Gishiri na cin gurbin harafi 16, wata lambar farawa 12, hatimin tabbatarwa 16, 44 ke nan kafin saƙonka, sannan mai da shi haruffa yana ƙara kashi ɗaya bisa uku. Tes ɗaya harafi 160 ne, saboda haka saƙon da bai wuce harafi 76 ba ne zai shiga tes ɗaya, mai harafi 100 zai koma 192, tes biyu. Abin sha'awa, Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ idan ka tura ta tsirara tes ɗin yana faɗowa zuwa harafi 70 ne kacal, amma bayan an kulle babu harafi mai lanƙwasa a abin da ke fita. Sharaɗi dai wanda zai karɓa ya kasance yana da wayar da ke da burauza ta gaske, mai 'yar rakani-kashi ba zai iya buɗewa ba.

Sai maganar yadda faswod ɗin zai isa ga wancan, wadda ita ce take rusa komai idan aka yi sakaci. Ka tura cakuɗaɗɗen saƙo a WhatsApp, a ƙasansa ka rubuta faswod ɗin kaza ne, to ba ka yi komai ba. Ku yi shi baki da baki tun kuna tare, kafin yaro ya tafi hidimar ƙasa ko kafin Alhaji ya tafi Kano sayo kaya, in ba hali a kira ta waya a faɗa. Kuma ku sani faswod ɗaya da kuka shekara kuna amfani da shi, ranar da ya fita duk tsofaffin saƙonnin da ke kwance sun buɗu lokaci guda, don haka kowane mutum da nasa, kuma a riƙa canzawa.

Akwai hanya ta uku da ke tsakani, linkin da ke ƙonewa bayan an karanta, irin na PrivateBin ko Bitwarden Send. A burauzarka ake kullewa, a ajiye cakuɗaɗɗen a sabarsu, makullin kuma yana cikin linkin bayan alamar #, ɓangaren da burauza ba ta aika wa saba. Ka saita buɗewa ɗaya, wancan na karantawa ya goge. Daɗinsa babu abin da ya rage a waya, kuma idan wani ya riga shi buɗewa zai tarar babu, kun gane an shiga tsakani. Amma duk wanda ya samu linkin kafin a buɗe ya samu saƙon sai dai in ka ƙara masa faswod, yana buƙatar data a ɓangarorin biyu, kuma matsalar amincewa da mai shafi tana nan. Fayil ɗin 7-Zip mai AES-256 ma yana da ƙarfi, amma don layi biyu na rubutu ya yi nauyi, ya fi dacewa da hoton takardun fili ko satifiket, kuma a nan ma a guji tsohon kullen ZipCrypto wanda tun 1994 aka nuna yadda ake fasa shi.

To da wanne za ka tafi? Idan abu ne na yanzu-yanzu, kamar ƙanwarka na kafe tana rajista tana buƙatar faswod ɗin imel, kuma wayarta tata ce ita kaɗai, ni WhatsApp zan ce, ka kunna saƙo mai ɓacewa na awa 24, ko ka faɗa da murya ta saurara-sau-ɗaya, ku duka kun sa fin na mataki biyu, bayan an gama a canza faswod ɗin. Ya fi sauƙi, kuma abin da ya yi wahala mutanenmu ba sa ɗorewa da shi. Idan kuna iya sauke Signal ku biyun ya fi. Idan za ka miƙa wa wanda ba ku saba ba abu sau ɗaya, kamar wanda zai gyara maka shafin kasuwanci, linki mai ƙonewa. Amma idan wayar ta gida ce, ko tes za a bi, ko abin zai daɗe a kwance kamar lambobin dawo da akawun da kake son ajiyewa a imel ɗinka ko ka bar wa babban ɗanka, to kulle da faswod ne, da kalma 6, a shafin da ya ci gwajin nan uku, kuma ba laifi ka tura cakuɗaɗɗen ta cikin WhatsApp ɗin ka samu kariya biyu. Fin ɗin ATM da lambar OTP kuwa ba su cikin wannan lissafin kwata-kwata, ba a tura su ta kowace hanya, bankinka ma ba zai tambaye ka su ba.

Wanda ya zaɓi faswod don ajiya mai tsawo ya riƙe wannan: babu maɓallin na manta, babu ofishin da za ka je da katin NIN a buɗe maka. Ka rubuta kalmomin a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, ka rubuta sunan shafin da ka yi amfani da shi a gefe, ka kuma ajiye kwafin shafin, saboda kowane shafi da yadda yake jera gishirinsa da adadin maimaicinsa, abin da wannan ya kulle wancan ba lallai ya buɗe ba ko da faswod ɗin daidai ne, kuma irin waɗannan shafukan sukan ɓace daga intanet ba sanarwa. Duk bayan 'yan watanni ka ɗauko saƙon ka gwada buɗewa ka tabbatar yana nan yana aiki.